Kafin Ka Sayi Tsohuwar Mota Don Ka Farfaɗo Da Ita

A tsofaffin unguwannin Kano da Kaduna da Zariya, da wuya ka bi layi uku ba ka ga wata Marsandi ko Fijo ajiye a gindin darbejiya ba, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilasanta, busassun ganye sun taru tsakanin bonet da gilashin gaba. Mai sha'awar mota idan ya ga irin wannan, abin da yake hangowa shi ne ranar da za ta fito daga wurin fenti tana sheƙi, kuma wannan hangen ne yake sa mutane da yawa su biya kuɗi kafin su yi lissafi. Wannan jagora ta wanda yake tunanin sayen irin wannan mota ce, wadda ta daɗe a duniya kuma ta yi tafiya mai yawa, da niyyar ya gyara ta sannu a hankali har ta koma kan titi da ƙarfinta.

Zan ɗauki Marsandin da muke kira V-boot a matsayin misali, domin ita na fi sani kuma ita ce ta fi jan hankalin masu irin wannan sha'awa a wajenmu. Kamfanin Mercedes-Benz yana kiran ta W124, ta fara fitowa a ƙarshen 1984, aka ci gaba da ƙera mai ƙofa huɗu har 1995, wato mafi ƙuruciya a cikinsu ta kai shekara talatin. Duk abin da zan faɗa a kanta yana aiki a kan Fijo 504 da 505 da 406, da tsohuwar Camry ko Accord, sai dai wuraren da zan nuna bambanci. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu tun daga nan shi ne, yawan kilomita shi ne ya fi tsorata masu saye, alhali ba shi ne yake kashe irin wannan aiki ba. Abubuwan da suke kashe shi su ne takardu marasa kyau, da tsatsa a ƙashin mota, da rashin gwanin da ya san ta, da aljihun da ya ƙare a tsakiyar hanya.

Mataki na farko: ka tantance abin da kake so da motar

Kafin ka je ko'ina, ka zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya da gaskiya: shin wannan motar ce za ta riƙa kai yara makaranta da kai ka wurin aiki, ko kuwa kana da abin hawan da zai ɗauki wannan nauyi yayin da take kwance a gareji? Idan ita kaɗai ce za ka dogara da ita, shawarata ita ce ka haƙura, ka tara kuɗin ka sayi motar da take kan ƙafarta, domin motar da ake farfaɗowa takan yi makonni a hannun bakanike tana jiran wani ɗan ƙaramin abu da ba a samu a kasuwa ba, kuma wanda yake cikin matsuwa shi ne yake yarda a yi masa gyaran wucin gadi da zai lalata aikin gaba ɗaya.

Idan kuma riba kake nema, wato ka gyara ka sayar, to ka sani cewa a kasuwarmu da wuya tsohuwar mota ta dawo da abin da aka zuba mata. Mai saye ba zai biya ka kuɗin sababbin robobin ƙafa da ka sa ba, domin ba ya ganin su. Shekarar motar zai duba ya yi maka tayi. Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne mutumin da yake son motar don kanta, ko don ta tuna masa da mahaifinsa, ko don yana son ya koyi kanikanci da hannunsa a ranakun hutu, kuma yana da rufaffen wurin da zai ajiye ta. Batun wurin ajiya ba ƙaramin abu ba ne, domin motar da aka kwance wa inji aka bar ta a bakin titi, damina ɗaya ta ishe ta ta koma baya, ban da masu zare batir da madubi da dare.

Mataki na biyu: takardu kafin buɗe bonet

Mutane sukan fara da inji su ƙare da takardu, ni kuwa ina ganin a juya abin, domin injin da ya lalace ana gyara shi, amma motar da asalinta yake da duhu za ta iya kai mai ita ofishin 'yan sanda bayan ya kashe mata dukiya. Ka nemi takardar shaidar mallaka, da takardun kwastam idan daga waje aka shigo da ita, da lasisin mota na ƙarshe da aka sabunta, da takardar cinikin da ta nuna yadda ta zo hannun wanda yake sayarwa. Sannan ka ɗauki lambar shasi da take rubuce a takarda ka gwada ta, harafi bayan harafi, da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, ka kuma duba ko akwai alamar walda ko goge ko sabon fenti a kewayen lambar. Haka za ka yi da lambar inji. Idan an taɓa canza inji, wanda abu ne da aka saba a motar da ta kai wannan shekaru, ka nemi rasiɗin sayen sa. Rundunar 'yan sandan Najeriya tana da rajistar motoci ta ƙasa, kuma bincika lambar motar a can kafin biya ya fi sauƙi a kan bayani bayan an tsayar da kai a hanya.

Akwai wani abu da ya keɓanta da irin waɗannan motoci na gindin bishiya, wato da yawansu na mamata ne. Maigida ya rasu, motar ta zauna shekaru, sai ɗaya daga cikin 'ya'ya ya ce zai sayar. A nan wajibi ne ka tabbatar an raba gado kuma motar ta faɗo a rabon mai sayarwa, ko kuma dukkan magada sun amince a rubuce a gaban shaidu. Sayen kayan gado daga hannun mutum ɗaya ba tare da yardar saura ba matsala ce a shari'a kuma matsala ce a zumunci, kuma ranar da motar ta yi kyau ita ce ranar da sauran magada za su tuna da ita.

Mataki na uku: yadda za ka karanta mita

Lambar da take kan mita, wato agogon da yake ƙirga tafiyar da mota ta yi, labari ne da ake saurare, ba hujja ba ce. Da farko ka duba ko mil take ƙirgawa ko kilomita, domin motocin da suka fito daga Amurka da mil suke lissafi, kuma mil 200,000 ya haura kilomita 320,000. Na biyu, ka yi lissafi mai sauƙi: motar 1992 da take yin kilomita 15,000 kacal a shekara, a cikin shekara talatin ta yi 450,000, saboda haka idan ka ga 140,000 a kan mitarta, akwai tambayar da ya kamata a amsa maka. Ba kullum ne ha'inci ba, domin a V-boot akwai ɗan ƙaramin haƙorin roba a cikin mitar da yake karyewa idan ya tsufa, sai allurar gudu ta ci gaba da aiki amma ƙirgen ya tsaya cak. Lokacin gwajin tuƙi ka lura ko lambobin suna motsawa.

Jikin motar ya fi mita faɗin gaskiya. Robar da take kan fedar birki, da santsin sitiyari a inda hannu yake kamawa, da gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita, da ƙofar direba idan ta sauka har sai an ɗaga ta kafin ta rufu, duk suna nuna yawan aikin da ta yi. Sannan ka tambayi irin tafiyar. Motar da ta yi kilomita 400,000 a kan doguwar hanya ana canza mata baƙin mai a kan kari ta fi wadda ta yi rabin haka a cunkoson gari tana zafi ana zuba mata ruwan leda. Wadda kuma ta yi shekara biyar ba ta motsa ba tana da nata ciwon daban, domin zama yana busar da robobi, yana sa birki ya kama, fetur ya ruɓe a tanki ya toshe hanyoyin mai.

Mataki na huɗu: ƙashin mota da tsatsa

Wannan shi ne matakin da ya cancanci mafi yawan lokacinka. Inji da giya ana sayen na Beljiyam a ɗora, kujeru ana yi musu sabon ɗinki, fenti ana sakewa, amma ƙashin motar da tsatsa ta ci ko hatsari ya karkatar ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi, komai ƙwarewar mai walda. Ka je duba motar da rana tsaka, ba da magariba ba, ba kuma bayan an wanke ta jikinta yana jiƙe ba, domin ruwa yana ɓoye lotsawa da bambancin fenti. Ka tafi da tocila, da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle, da sukudireba, da tabarmar da za ka shimfiɗa ka kwanta a ƙarƙashinta idan babu ramin gareji a kusa.

Ka fara da tsayawa a gaban motar ka kalli gefenta a tsaye, domin ta haka ne ake ganin inda layin jiki ya karye. Ka duba tazarar da take tsakanin ƙofofi da bonet da but, ko daidai take a hagu da dama. Ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da maganaɗisun. Inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki kuwa an cika wurin da abin ciko an shafe da fenti. A V-boot, wuraren da tsatsa ta fi kamawa su ne ramukan da ake sa jak guda huɗu, da ƙasan fuka-fukan gaba, da ƙarƙashin batir, da ramin safaya taya a but, da mazaunin sifirin na gaba, da wuraren da ƙafar baya take ɗaure da jiki. Biyun ƙarshe su ne masu haɗari, domin su suke ɗauke da nauyin motar, kuma idan suka ɓalle a kan gudu ba batun kuɗi ake yi ba, batun rai ne. Ka danna sukudireba a hankali a waɗannan wurare. Ƙarfe mai lafiya zai tsaya da ƙarfinsa, ruɓaɓɓe kuwa za ka ji yana ɓarɓashi.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba wata farar V-boot samfurin 230E, wadda daga nesa babu abin kushewa a jikinta, injinta kuma yana tashi bugu ɗaya. Har an fara maganar kuɗi sai bakaniken da muka je da shi, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin ƙafar direba. Soson da yake ƙarƙashi a jiƙe yake yana warin ruma, da ya janye shi sai muka ga ƙasa ta wata huda mai faɗin tafin hannu, an rufe ta da guntun kwano an shafa kwalta. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya ce wa ɗan'uwana, "Alhaji, injin nan zan iya ba shi shekara biyar, amma ban san jikin da zai zauna a ciki ba." A nan muka yi sallama da mai motar.

Asalin motar yana ba da haske a kan abin da za ka tarar. Wadda ta yi rayuwarta a Arewa, busasshiyar iska takan kare mata ƙarfe, amma rana ta farfasa dashbod ta ƙone robobin gilashi. Wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal ta sha danshi da iskar teku. Wadda aka shigo da ita daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, daga ƙarƙashi take ruɓewa sama tana kyau. Ka kuma kula da motar da ambaliya ta taɓa shanyewa, musamman bayan abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye gari. Alamunta su ne busasshen taɓo a lungunan da hannun mai wanki ba ya kaiwa, da tsatsa a kan ƙarafan ƙarƙashin kujeru, da layin ruwa a cikin fitilu, da tabo idan ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe.

Mataki na biyar: inji da giya

Ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka zo, kuma da isarka ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye rabin cututtukansa. Kafin a kunna, ka zare sandar gwada baƙin mai, ka kuma buɗe murfin da ake zuba shi. Idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, alama ce ruwa yana haɗuwa da mai, kuma mafi yawan lokaci gasket ɗin tof silinda ne ya ƙone. Ka leƙa ruwan lagireto: mai yana yawo a samansa, ko jan ruwan tsatsa, duka ba labari ne mai daɗi ba. Ka tambaya ko an cire na'urar da take daidaita zafin inji, domin al'ada ce da ta yaɗu a garejojinmu a cire ta a haɗa fanka kai tsaye, kuma sau da yawa ana yin haka ne don a rufe matsalar zafi maimakon a magance ta.

Idan an kunna, ka tsaya a baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, baƙi yana nufin fetur ya yi yawa, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama yana nufin ruwa yana shiga silinda. Ka saurari ƙara. Ɗan ƙas-ƙas a sama da yake ɓacewa bayan daƙiƙu kaɗan abu ne da ake zama da shi, amma bugu mai nauyi daga ƙasan inji da yake ƙaruwa idan an taka totur yana nufin aiki ya kai ga karanshaf. V-boot tana da agogon matsin mai a dashbod. A inji mai lafiya allurar tana hawa sama da zarar an taka totur, ko da injin ya yi zafi.

Kada ka tsaya a kan kunne kawai. Ka sa bakanike ya kwance fulogai ya auna matsin kowace silinda da agogon awo, aikin da bai wuce rabin sa'a ba. Abin da ake nema shi ne silindojin su yi kusa da juna. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa da saura da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, to ka sa kuɗin buɗe inji a lissafinka. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da mahaɗar da ake jona kwamfutar bincike ta gama-gari, kuma ya kamata a jona. V-boot da 504 sun riga wannan tsari, saboda haka ido da kunnen gwani ne madogara.

Ka san ko injin da sarƙa yake aiki ko da bel. Injinan V-boot sarƙa ce, wadda takan daɗe kuma takan yi ƙara ta yi gargaɗi. Fijo 406 da Accord ta shekarun 1990 bel ne, wanda yake tsinkewa ba sallama ya lanƙwasa bawuloli, saboda haka idan babu shaidar ranar da aka canza shi, ka ɗauka ba a canza ba.

Daga nan sai tuƙi, idan motar tana tafiya kuma birkinta yana kamawa. Kada ka yarda da zagayen layi ɗaya; ka yi aƙalla minti ashirin, a bi hanya mai gargada a kuma hau titi mai kyau, idonka yana kan allurar zafi. A giya mai canza kanta, ka lura da jinkiri idan an sa ta a baya, da fizga, da injin da yake ihu motar ba ta ƙara gudu. Man giyar ya kamata ya kasance ja mai haske, ba baƙi mai ƙauri ba. Giya mai canza kanta da ake kira AL4, wadda take cikin wasu 406, ta yi suna wajen ba da wahala, shi ya sa masu sanin motar suka fi son ta hannu. Ƙarar ƙafa da lilo a kan gargada kuwa kada su firgita ka, domin shokazoba da robobi kaya ne da dole a sake su a kowace tsohuwar mota.

Mataki na shida: wayoyi, kayan gyara da gwani

Ka gwada kowane maɓalli, ka kuma leƙa bayan akwatin fis da ƙarƙashin sitiyari. Idan ka tarar da wayoyi an yanka an ƙulla an naɗe da leda, ka sani cewa hannaye da yawa sun bi ta wurin, kuma gano matsalar wuta a irin wannan mota ya fi gyaran inji cin lokaci, ban da haɗarin gobara. V-boot na ƙarshe-ƙarshe, daga wajen 1992 zuwa ƙarshen ƙera ta, suna da sananniyar matsala, wato rigar wayoyin inji tana bushewa ta farfashe saboda zafi har wayoyi su haɗu. Ka lanƙwasa ɗaya a hankali kusa da inji. Idan ta yi ɓarɓashi a yatsunka, sai an sake dukkan damin wayoyin.

Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta abubuwa goma da ka tabbatar motar tana buƙata, ka shiga kasuwa da takardar. A Kano akwai Ƙofar Ruwa, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja akwai Apo, a Legas akwai Ladipo. Ka tambayi farashi, ka kuma tambaya ko kayan yana nan a shago ko sai an aiko da shi. Za ka lura cewa kayan inji da na birki sun fi sauƙin samu, abin da yake wahala shi ne ƙananan kayan jiki, irin su fitilar asali, da robar gilashi, da maɓallan dashbod. A nan Fijo tana da wata fa'ida ta tarihi: kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 a Najeriya har 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa, saboda haka kayanta da masu sanin ta sun bazu har ƙananan garuruwa.

Gwani ya fi kaya wahalar samu. Tsarin fetur na V-boot samfurin 230E da 300E, wanda ake kira KE-Jetronic, yana aiki ne da matsin mai da wani faifai da iska take dannawa, kuma yaran garejin da suka taso a kan Toyota ba su saba da shi ba. Wanda bai san shi ba zai yi ta juya sukurori har motar ta riƙa shan mai ba ƙa'ida, daga ƙarshe ya ba ka shawarar a cire a ɗora kafireto. Ka nemo dattijon da ya yi shekaru a kan Marsandi tun kafin ka saya, ka je da shi duba motar, ka biya shi kuɗin ranarsa daga aljihunka. Kada ka yarda da bakaniken da mai sayarwa ko dillali ya kawo, domin mai jiran la'ada ba zai nuna maka abin da zai ɓata ciniki ba.

Mataki na bakwai: lissafi a kan takarda

Yanzu ka raba aikin gida uku. Kashi na farko shi ne abin da zai sa motar ta zama mai aminci: birki gaba ɗaya da mansa da tiyoyinsa, tayoyi, sitiyari, ƙafafu, fitilu da tiyoyin fetur. Game da taya, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Tayar da ta kai wannan shekaru ta tashi daga aiki ko da zanenta bai goge ba. Kashi na biyu shi ne abin da zai sa ta daina tsayawa a hanya: lagireto, famfon ruwa, bel, batir, wayoyi, da aikin inji ko giya idan awo ya nuna. Kashi na uku shi ne ado: fenti, kujeru, na'urar sanyaya ciki da rediyo. Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da kashi na uku saboda shi ne ido yake gani, sai kuɗi ya ƙare motar tana sheƙi amma birkinta ba ya kamawa.

Ka haɗa jimillar ukun da kuɗin aikin masu gyara, sannan ka ƙara aƙalla rabin abin da ka samu, domin duk inda aka kwance a tsohuwar mota sai an tarar da wani abu a bayansa, kuma farashin kayan da ake shigowa da su yana bin canjin dala. Ka ƙara kuɗin janwe, da canjin mallaka, da sabunta lasisi, da takardar lafiyar mota, da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 tun farkon 2023. Ka kuma tuna da fetur, domin tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashinsa ya ninka sau da dama, kuma 300E mai silinda shida ba za ta sha abin da Corolla take sha ba. Idan mai yana damun ka, 200 ko 230E mai silinda huɗu ta fi dacewa.

Sai ka gwada jimillar da farashin irin wannan mota mai lafiya wadda take kan titi yau. Idan kuɗin saye da na gyara sun zarce farashin mai lafiyar nesa ba kusa ba, to araha ba ta yi ado ba, kuma ya fi maka ka ƙara kuɗi ka sayi mafi kyawun da za ka iya samu, ka yi mata ƙananan gyare-gyare. Abin da kawai zai sa a tsallake wannan hukunci shi ne idan motar tana da wata daraja a wurinka da ba ta kuɗi ba, kamar ta mahaifi, kuma ko a nan sharaɗin shi ne kuɗin ya fito daga rarar da ba ta taɓa cefane da kuɗin makaranta ba. Bashi don farfaɗo da tsohuwar mota abu ne da ba zan ba kowa shawararsa ba.

Mataki na takwas: yanke hukunci da ciniki

Abubuwa huɗu ne idan ka ga ɗaya daga cikinsu za ka juya ba tare da tayi ba: lambar shasi da ba ta dace da takarda ba, tsatsa ko walda a wuraren da suke ɗauke da nauyin mota, alamar ambaliya, da mai sayarwar da ya hana a kawo bakanike ko a ɗaga kafet. Hayaƙi, da yoyon mai, da kujerun da suka yage, da fentin da ya ƙoƙe, da babbar lamba a kan mita, duk waɗannan abubuwan rage farashi ne, ba na fasa ciniki ba, muddin ƙashin yana da kyau kuma takardu sun cika.

Kada ka biya a ranar da ka fara ganin ta. Ka koma gida ka kwana da lissafin, ka yi shawara da iyalinka tunda su ma za su ji nauyin abin, sannan ka dawo da takardar farashin da ka samo a kasuwa ka yi tayi a kanta. Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da lambar mota da kuɗin da aka biya da aibobin da mai sayarwa ya bayyana, shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi takardun asali da dukkan makullai a wurin. Idan motar ta daɗe a ajiye, kada ka sa mata batir ka hau titi da ita don murna. Ka kira janwe ya kai ta gareji, a zubar da tsohon fetur a wanke tanki, a canza baƙin mai da matatunsa, a juya injin da hannu a tabbatar bai kama ba, a kwance birki huɗu a duba, sannan a kunna ta.